Haɗa Jirgi Marar Matuƙi Mai Farfela Huɗu: Jawabi Ga Samarin Unguwa

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu, mai sana'ar gyaran rediyo da talabijin, ya gabatar a taron matasa na ƙarshen wata. Mun buga shi yadda ya faɗa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, dattawanmu, iyayenmu mata da ke zaune can baya, da ku samari waɗanda dominku aka kira wannan zama, ina yi muku barka da yamma.

Ni dai ba injiniya ba ne, kowa ya san shagona. Abin da ya sa aka tsayar da ni a nan shi ne, tun ranar da wani mai ɗaukar hoto ya tayar da ɗan jirgin nan marar matuƙi a wajen biki a unguwar nan, ban sake samun sakat ba. Samari uku suka zo mini da waya, suna nuna mini hoton kayan haɗi a intanet, wai in taya su saye. Kwana biyu bayan haka sai ga mahaifin ɗayansu, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, abin nan ba zai ja mana magana ba kuwa?" To, yaran suna da gaskiya, uban ma yana da gaskiya, shi ya sa na ce gara a tara mu wuri ɗaya a yi ta a fili. Na haɗa irin wannan jirgi da hannuna, na kuma farfasa shi da hannuna ba sau ɗaya ba, saboda haka abin da zan faɗa na wanda ya taɓa ne.

Sha'awar nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har kafofin labarai na duniya suka ɗauka. Sojojin saman Nijeriya sun nuna nasu marar matuƙi a Kaduna a 2013, suka sa masa suna Gulma, a 2018 kuma suka fito da wani suka ce Tsaigumi. Daga 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitocin karkara da jirage marasa matuƙi daga cibiyarsa ta Pambegua a Jihar Kaduna. Amma ku riƙe sunayen nan biyu, Gulma da Tsaigumi, domin za mu dawo kansu. Wanda ya raɗa su ya san abin da mutane ke ɗauka idan suka ga ido yana yawo a bisa kansu.

Namu ƙarami ne, na koyo. Gicciye ne mai hannu huɗu, a ƙarshen kowane hannu akwai ɗan injin lantarki da muke kira moto, a kan kowane moto akwai farfela. Ba shi da fiffike, ba shi da jela, ba shi da sitiyari. Duk tuƙinsa da saurin farfelun nan ne. In duka huɗun suka ƙara gudu, ya yi sama. In biyun baya suka fi na gaba gudu, sai ya sunkuyar da kai ya yi gaba. In na hagu suka fi gudu, ya karkata dama. Sai abu ɗaya da yake rikita sabon shiga: farfelun ba gefe ɗaya suke juyawa ba. Biyu suna bin hannun agogo, biyu suna saɓa masa. Dalili kuwa, duk wanda ya taɓa riƙe injin huda bango ya san in bakin yana juyawa dama, jikin injin yana neman murɗe maka hannu hagu. Da duka huɗun gefe guda suke bi, da jirgin sai ya riƙa katantanwa a sama. Da aka raba su biyu-biyu sai murɗawar ta kashe juna. In kuma kana son ya juya fuska, sai a ɗan ƙara wa biyun da ke tafiya tare gudu, a rage wa sauran.

Babu ɗan'adam ɗin da hannunsa zai iya daidaita moto huɗu a lokaci guda. Saboda haka a tsakiyar jirgin akwai ɗan allo wanda ni nake kira ƙwaƙwalwa. A cikinsa akwai na'urorin da ke jin karkata da motsi, irin waɗanda ke cikin wayarku da suke sa hoto ya juya in kun kwantar da ita. Sau ɗaruruwa a cikin sakan ɗaya ƙwaƙwalwar nan take auna yadda jirgin ya karkata, ta gyara gudun kowane moto. Watau kai da ke riƙe da rimot roƙo kawai kake yi, ita ce mai tuƙin.

Ga mai farawa, shawarata ita ce gangar jikin da ake kira F450, wadda faɗinta daga moto zuwa moton da ke kusurwar da ke fuskantarsa milimita 450 ne. Asalinta ta kamfanin DJI ce na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, amma kwaikwayonta ya cika kasuwa, kuma in hannu ɗaya ya karye sai ka kwance shi ka ɗaura wani. Na san samari sun fi son ƙananan nan na tsere masu ƙarar sauro da suke gani a YouTube. Ku bari tukuna. Wanda bai iya keke ba ba a ɗora shi a kan babur mai ƙarfi. Tare da F450 ana sa moto mai lamba 2212, wanda aka rubuta masa 920KV ko 1000KV. Ma'anar lambar ita ce yawan juyin da zai yi a minti ɗaya a kan kowane bolt na wuta in ba a ɗora masa farfela ba, ke nan mai 1000KV a kan batir mai bolt 11 zai yi juyi wajen 11,000 a minti. Ku riƙe wannan lissafi a ranku kafin ku kai yatsa kusa. Farfelarsa ita ce 1045, inci 10 ke nan, kuma ku sayi fiye da saiti ɗaya domin za ku karya. Kowane moto yana da regiletarsa, kamar yadda fankar sama ke da tata, ana kiranta ESC, mai ɗaukar amfiya 30 ta isa. Rimot kuwa FlySky FS-i6 da risibarsa sun wadatar da mai koyo. Batun ƙwaƙwalwa, wanda ba shi da kwamfuta zai iya farawa da KK2.1.5, tsohon yayi ne amma yana da ɗan gilashi da maɓallai a jikinsa, a nan za ka saita komai. Wanda ke da hali ya nemi Pixhawk da GPS, a saita shi da manhajar Mission Planner ko QGroundControl. Akwai wani da ake kira APM 2.8 da ake yawan cusawa cikin kayan haɗi don arha, masu rubuta manhajarsa sun daɗe da daina sabunta masa ita, kada ku zuba kuɗinku a kansa.

Dalma, da ƙarfen narka ta, da mita, da tef, da sukundireba, waɗannan duk za ku samu a Banex Plaza ko kasuwar Wuse. Sauran kayan galibi sai an yi odar su, kuma a kan wannan oda akwai magana, tana nan tafe.

Haɗin kansa ba shi ne wahala ba, yaron da ya taɓa canza bakin cajin waya zai gama shi a yini guda. Farantin ƙasa na F450 yana da hanyoyin wuta a jikinsa, a nan za ka liƙa wayoyin ESC huɗu da na batir, ja a kan alamar tarawa, baƙa a kan alamar ɗebewa. Liƙin ya zama mai sheƙi, ya kwanta sumul. In ya yi dunƙule kamar kashin awaki, sake shi, domin wutar da ke bi ta nan tana da yawa, kuma liƙin da ya saki a sama ba ya ba da sanarwa. Sukurorin da ke riƙe moto ku duba tsawonsu, wanda ya yi tsawo yakan shige ya taɓa wayar tagulla ta ciki, moto ya ƙone tun bai ga sama ba. Hannuwan jirgin launi biyu ne, ja da fari, ku sa launi ɗaya a gaba, domin in ya yi nisa da shi kaɗai za ku gane inda ya sa fuska. Ƙwaƙwalwa a zaunar da ita a tsakiya daidai, a kan soso ko roba mai shanye girgiza, kibiyar da ke jikinta tana kallon gaba. Batir ma a ɗaure shi tsakiya, in ka ɗaga jirgin da yatsu biyu daga cibiyarsa kada ya rinjaya ko'ina.

Kafin ku sa batir a karon farko, ku ɗauki mita ku gwada tsakanin ja da baƙa, ku tabbata ba su haɗu ba. Ga kuma wata dabara da makanikan Apo za su gane nan take: ku sa ƙwan fitilar mota mai bolt 12 a tsakanin batir da jirgin. In akwai matsala ƙwan ne zai haska da ƙarfi, maimakon hayaƙi ya tashi daga kayan da kuka tara wa kuɗi wata da watanni.

Yanzu mun zo wurin da nake so a buɗe kunne, watau saiti. A nan ake rabuwa tsakanin wanda jirginsa zai tashi da wanda zai kwashe tarkace a buhu. Doka ta farko: duk abin da za ku yi a kan tebur, ba farfela. Ku cire su ku sa a aljihun tebur ku rufe. Kun ga tabon nan a hannuna? Ɗinki biyar aka yi mini. Na ce bari in ɗan gwada moto ɗaya kawai, farfela na kai, gwiwar hannuna ta taɓa sandar rimot. Ban ma ji zafi ba sai da na ga jini a kan riga. Da fuskar yaron shagona ce a wurin, da yau ba ni ne a gabanku ina jawabi ba.

To, ba farfela, sai a haɗa rimot da risiba su san juna. A tsarin da aka fi amfani da shi, sandar hagu ita ce ta hawa da sauka da juya fuska, ta dama kuma ta gaba da baya da gefe. Sa'an nan a koya wa kowace ESC iyakar sama da ta ƙasa: ka tura sandar hagu can sama, ka sa batir, ka ji ƙara, ka dawo da ita ƙasa, ka sake jin ƙara. In ba a yi haka ba wani moto zai riga wani tashi. Bayan haka a ajiye jirgin a wuri mai daidai sosai a gaya wa ƙwaƙwalwa cewa nan ne miƙe. Kada ku yarda da daɓen ɗaki, na ga simintin gidajen hayarmu, ku ari ma'aunin ruwa a wurin magini. In kuka koya mata karkatacce a matsayin daidai, za ta yi ta jan jirgin gefe guda tana ganin daidai take yi. Mai kamfas kuma zai ɗauki jirgin ya jujjuya shi ta kowace fuska, amma a fili, nesa da mota, nesa da kwanon rufi da taransifoma. Wanda ya yi wannan saitin kusa da tulin rodi irin na kasuwar Dei-Dei, jirginsa zai ɗauki gabas a matsayin arewa.

Sai duba juyin moto. A tsarin da aka saba, na gaba dama da na baya hagu suna saɓa wa hannun agogo, na gaba hagu da na baya dama suna binsa. Ka manna ɗan tef a kan kowanne ka gani da idonka. Wanda ya juya ba daidai ba, wayoyi uku ne tsakaninsa da ESC, ka musanya kowaɗanne biyu, shi ke nan ya koma hanya. Ku lura kuma, lambar da ake ba kowane moto ta bambanta daga wannan manhaja zuwa waccan. Wanda Pixhawk ke kira na ɗaya ba lallai shi ne na ɗaya a wani allo ba, saboda haka ku bi zanen ƙwaƙwalwar da ke hannunku, ba na bidiyon da kuka kalla jiya ba. Farfela ma iri biyu ce, rubutunta yana kallon sama, gefenta mai tudu shi ke shiga iska da farko. Jirgina na fari ko taku ɗaya bai yi sama ba, ina ba shi wuta ya kifa ya karya farfela biyu, ashe ta dama na sa a hagu.

Akwai saiti ɗaya da samari ke tsallakewa don ba ya burgewa, alhali ya fi sauran muhimmanci. Me jirgin zai yi idan ya daina jin rimot? Wasu risibobi in sigina ta yanke sukan riƙe umarnin ƙarshe da aka ba su. In umarnin ƙarshe hawa ne, haka zai yi ta hawa yana tafiya har batir ya ƙare, ya faɗo a kan wanda tsautsayi ya faɗa wa, kuma nauyinsa ya haura kilo ɗaya. Dole a saita shi ya kashe moto, ko in mai GPS ne ya sauka ko ya dawo inda ya tashi. Gwajin mai sauƙi ne: ba farfela, ka tayar da moto, ka kashe rimot, ka ga abin da zai faru. In suka ci gaba da gudu, jirgin nan ba ya fita daga ɗaki.

Iyaye mata, wannan ɓangaren naku ne, domin ku ne a gida. Batirin jirgin nan ana kiransa LiPo, kuma ba irin na tocila ba ne. Wanda muke amfani da shi ɗaki uku ne a ciki, kowane ɗaki in ya cika bolt 4.2 ne, jimla 12.6. Ba a bari ɗaki ya sauka ƙasa da 3.5 a wajen tashi, in kuma za a ajiye shi kwanaki, a bar shi a 3.8. Yana da cajarsa ta musamman mai daidaita ɗakunan uku, kuma mai lamba 2200 ba a ba shi fiye da amfiya 2.2. In aka cika shi fiye da kima, ko ya huje, ko ya sha zafi, yakan kumbura ya kama da wuta, wutar da ba ta jin yayyafin ruwa. Mu kuwa kun san halinmu, in an kawo wuta da tsakar dare kowa sai ya jona abin da yake da shi ya koma barci. Wannan batir ba a yi masa haka. Ba a cajinsa a kan katifa, ba a barinsa a mota cikin ranar watan Maris. Ku nemi tukunyar ƙasa, ku zuba yashi a gindinta, a ciki za a yi caji, mai shi yana zaune yana kallo. Ɗakunanmu a manne suke, silin ɗaya ya ratsa ɗaki shida, gobarar ɗaki ɗaya ta gidan duka ce. Duk uwar da ta ga batir ya kumbura kamar burodi, ta fitar da shi waje cikin yashi, ba sai ta jira ɗanta ya dawo ba. Ni kaina an taɓa sayar mini da na jabu, lambar da ke jikinsa daban, abin da ke cikinsa daban. Na gaskiya mai 2200 yakan ba ka wajen minti goma a sama, wannan ko huɗu bai yi ba ya yi ciki.

Da gangan na bar maganar hukuma zuwa yanzu, domin da na fara da ita da rabin samarin nan sun sulale. Amma a aikace ita ce ta farko, kafin ka biya ko kwabo. Tun watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ta ba da sanarwar cewa ba a tayar da jirgi marar matuƙi a sararin ƙasar nan sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Shigo da shi daga waje ma yana bukatar takardar shaidar mai amfani daga wannan ofishi, in babu ita kwastan suna da ikon riƙe kayan. A dokokin hukumar na 2023 an ware kashi na 21 musamman domin waɗannan jirage, kuma wanda ya wuce giram 250 sai an yi masa rajista. Namu ya ninka haka sau huɗu. Hukumomin nan biyu duk a garin nan suke, kuɗin mota kawai zai kai ka ka tambaya. Wani yaro ya ce da ni, ai shi Mararraba yake, Jihar Nasarawa ce. Na ce masa sama ba ta san gadar Nyanya ba, dokar ta tarayya ce.

Kada ku ce an matsa muku. A watan Disamba na 2018 rahoton ganin irin waɗannan jirage ya sa an rufe filin jirgin Gatwick a Ingila, aka soke tashi da sauka wajen dubu ɗaya. Nan gida kuma, a watan Janairu na 2025 sojoji sun hana tayar da su a Arewa maso Gabas saboda 'yan ta'adda sun fara amfani da su. Ba mu kuma manta da Tudun Biri ba, a Ƙaramar Hukumar Igabi, inda ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya yi kuskure ya hallaka mutane fiye da tamanin a wajen Mauludi. Wanda ya ji wannan labari, in ya ji ƙugi a bisa kansa da dare, ba wasan yara zai fara kawowa a ransa ba.

Sa'an nan ku dubi garin da muke ciki. Fadar Aso Rock, da Majalisa, da Kotun Ƙoli, da barikin Mogadishu da na Lungi, da ofisoshin jakadanci, da gidan yarin Kuje, da filin jirgin Nnamdi Azikiwe wanda Lugbe da Gosa da Sauka suke kusa da shi. Da wuya ka juya a Abuja ba ka fuskanci ɗaya daga cikinsu ba. Millennium Park yana da fili mai kyau, gaskiya ne, amma ku tuna maƙwabcinsa. Bari in faɗi abin da mahaifin yaron nan yake nufi bai ƙarasa ba. In aka kama ɗan wani da jirgi mai kamara kusa da bariki, za a ce yaro ya yi wauta. In aka kama namu, Bahaushe daga unguwar baƙi, a wannan zamani na garkuwa da mutane, tambayar farko ita ce wa ya aike shi. Kuma ba shi kaɗai zai amsa ba, Sarki ne zai bar harkokinsa ya yi ta zarya ofishin 'yan sanda, gobe kuma a ce 'yan unguwar kaza ne. Wake ɗaya ke ɓata gari. Muna zaune lafiya da 'yan'uwanmu Gbagyi da suka karɓe mu, da sauran ƙabilu, ba za mu sayar da wannan a kan abin wasa ba.

Mu dawo kan Gulma da Tsaigumi. Gidajenmu tsakar gida a buɗe take, makewayi da yawa ba rufi, mata na aikinsu ba lulluɓi domin suna cikin gidansu. Katanga an yi ta ne don wanda ke tafiya a ƙasa. Ranar da jirginka ya ratsa ta saman gidan mutum, ko da kamara ko babu, ka shiga gidansa ba sallama, kuma ba za ka iya rantse masa ya yarda ba. Ni a ganina jirgin koyo bai kamata ya ɗauki kamara ba sam, kuma ba a tayar da shi a cikin unguwa, ko a kan kasuwa, ko makaranta, ko taron biki.

In takarda ta samu, an sami fili a bayan gari da iznin mai shi, to ga yadda ake fita ta farko. Kafin ranar ku sa manhajar koyon tuƙi a kwamfuta ko waya ku yi ta faɗuwa a can, faɗuwar da ba ta cin kuɗi. Ku fita da sassafe kafin iska ta tashi. Ku nisanci wayoyin wuta da gindin duwatsu, domin iskar da ta bugi dutse irin na Mpape ko Zuma takan dawo tana murɗawa. A farkon damina, Afrilu da Mayu, kun san yadda hadarin Abuja yake tasowa daga gabas da guguwa cikin ɗan lokaci, da kun ga gari ya canza ku sauke. Da hunturu kuma ƙura ce. Jar ƙasar nan tamu tana da ɓurɓushin ƙarfe, maganaɗisun moto yana jan sa, sai ka ji yana ƙarar yashi, saboda haka ku shimfiɗa tabarma ko kwali ya tashi a kai ya sauka a kai. Yara za su biyo ku, babu makawa, a sa babba ɗaya aikinsa kawai ya tsare su a baya. Ka tsaya bayan jirgin da taku goma, jelarsa na kallonka, ka ɗaga shi zuwa gwiwa, ka riƙe shi nan, ka sauke. Batir biyar na farko kada ya wuce tsayin kanka. Hukumomin jiragen sama a ƙasashe da dama sun sa iyaka a ƙafa 400, watau mita 120, kuma kada ya ɓace wa idon mai tuƙi, amma mai koyo ba shi da abin yi ko a kashi ɗaya cikin goma na wannan. In ya rikice maka, ja sandar hagu ƙasa ka bar shi ya faɗi. Kada ka tare shi da hannu. Shirwa ma takan kawo masa hari, in ka ga tana kewaya shi, sauko kawai.

Ranka ya daɗe, ga roƙona ga ƙungiya. Maimakon samari goma kowa ya yi odarsa a ɓoye ya ajiye batir ƙarƙashin gado, a haɗa kuɗi a nemi saiti ɗaya da sunan ƙungiya. Sakatare ya rubuta wa NCAA ya tambayi abin da ake bukata a yanzu, a kuma sanar da DPO na yankinmu da mai unguwar da za a ari filinsa, a rubuce, mu riƙe kwafi. Kafin amsa ta dawo ba za mu zauna ba. Ina da tsofaffin allunan rediyo buhu guda, duk Asabar bayan la'asar wanda ke so ya zo shago ya koyi liƙin dalma da karanta mita, wanda ko bai taɓa tayar da jirgi ba zai ci abinci da shi a gyaran waya da na sola. 'Yan mata biyu sun riga sun ba da sunansu ta hannun iyayensu, an kuma amince, za a ware musu safiyar Lahadi. Abin da ya rage mana shi ne kwamfuta ɗaya mai Windows, ko tsohuwa ce, da tukunyar ƙasa babba. Wanda ke da ɗaya daga cikinsu ya ga sakatare kafin a tashi.